Ƙofa ta 80: Tarihin abin da ya hana kwamfutar gida amsa sallamar baƙo

Duk wanda ya taɓa ɗora shafin intanet a kan kwamfutar da ke ɗakinsa ya san yadda lamarin ke tafiya. Ya girka manhajar da ke miƙa shafi ga mai nema, Apache ko Nginx, ya buɗe burauza a kan kwamfutar, shafin ya bayyana tsaf. Ya gwada da wayarsa da ke kan Wi-Fi ɗin gidan, wataƙila ya buɗe, wataƙila ya ƙi. Ya aika wa abokin aikinsa da ke wani gari adireshin, abokin ya ce burauza na ta juyawa har ta gaji. Wani lokaci kuma abin yakan juye: mutanen waje suna ganin shafin, shi kuwa mai gidan da ke zaune taku uku daga kwamfutar ba ya gani.

Yawancin masu fama da wannan sukan ɗauka kuskurensu ne, kuma akan dace hakan ne. Amma kowane shinge da ke tsakanin baƙo da wannan kwamfuta yana da shekarar da aka kafa shi, da mutanen da suka kafa shi, da larurar da ta tilasta musu. Mai neman gyara yana bin sawun shawarwarin da aka yanke cikin shekara 40 da 'yan kai, ko da bai san da hakan ba.

A watan Satumbar 1981 aka wallafa takardar RFC 791, wadda Jon Postel ya tace, inda aka fayyace tsarin adireshin da yau ake kira IPv4. An ba kowane adireshi gurbi 32 na sifili ko ɗaya, wanda ke samar da adireshi kusan biliyan 4.3. A wancan zamani wannan adadi ya yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba, domin kwamfutocin da ke kan ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ke ɗaukar nauyi, ɗaruruwa ne kawai. Vint Cerf, wanda shi da Bob Kahn suka tsara TCP/IP, ya sha bayyana cewa ya amince da gurbi 32 ne saboda ya ɗauki aikin a matsayin gwaji, yana tsammanin za a sake tsari idan gwajin ya yi nasara. Gwajin ya yi nasara, ba a kuma sake tsarin ba. Ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET ta koma kan TCP/IP gaba ɗaya.

A wannan tsari na asali babu bambanci tsakanin kwamfutar da ke nema da wadda ke bayarwa. Kowace na'ura tana da adireshi nata na kanta wanda duk duniya ta sani, kowace kuma tana iya yi wa kowace sallama. Masana uku na jami'ar MIT, Jerome Saltzer da David Reed da David Clark, sun rubuta hujjar wannan a farkon shekarun 1980: aikin hanya shi ne ta kai saƙo, basira kuwa ta zauna a bakin hanya, wurin mai aikawa da mai karɓa. Shi ya sa a ƙarshen 1990, lokacin da Tim Berners-Lee ya kunna uwar garken yanar gizo ta farko a cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba, babu wani kamfanin ajiye shafuka da ya nema. Kwamfutar NeXT ce ta ofishinsa, an manna mata takarda da ke gargaɗin kada kowa ya kashe ta. Shafin farko a tarihi, ashe, mai shi ne ya ajiye shi da kansa. Lambar ƙofa ta 80 da aka keɓe wa shafukan yanar gizo ta samo asali daga wancan lokaci, daga baya aka ƙara ta 443 domin shafuka masu kulle.

An yi rabon adireshin farko da hannu sake. Akwai kaso babba mai adireshi 16,777,216, da matsakaici mai 65,536, da ƙarami mai 256. MIT ta samu babban kaso, haka Apple da Ford da IBM da General Electric, ma'aikatar tsaron Amurka kuwa ta riƙe fiye da goma. An kuma ware babban kaso guda, duk adireshin da ya fara da 127, domin kwamfuta ta yi magana da kanta. Wannan ne tushen shinge na farko, kuma mafi sauƙin cirewa. Manhajoji da yawa, musamman waɗanda ake gwaji da su, suna sauraro ne a 127.0.0.1 kaɗai, ma'ana ba sa jin kowa sai kwamfutar da suke ciki. Shafin zai buɗe a kanta, amma ko wayar da ke gefenta ba za ta same shi ba, sai an umarci manhajar ta saurara a 0.0.0.0, wato ta kowace kafa, an kuma buɗe ƙofar a katangar tsaron kwamfutar.

Kafin 1992 injiniyoyin ƙungiyar IETF sun gane cewa rabon ba zai ɗore ba. Ƙaramin kaso ya yi wa yawancin hukumomi kaɗan, don haka kowa na neman matsakaici, matsakaitan kuma 16,384 ne kawai. Aka fito da magani iri uku kusan a lokaci guda. Na farko, a 1993, shi ne CIDR, wanda ya soke kason nan uku ya ba da damar yanka adireshi daidai buƙata. Na biyu shi ne sabon tsari gaba ɗaya mai gurbi 128, wanda Steve Deering da Bob Hinden suka wallafa a Disambar 1995 da sunan IPv6. Na uku faci ne da aka yi niyyar ya riƙe riga kafin a ɗinka sabuwa, kuma shi ne ya sauya fasalin intanet fiye da sauran biyun.

A watan Mayun 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka wallafa RFC 1631, inda suka bayyana dabarar NAT, wato fassara adireshi a bakin ƙofa. Mafi kusancin misali shi ne zauren gidan gargajiya. Mutanen gida suna da sunayen da suke kiran juna da su a ciki, amma gari ya san ƙofa ɗaya ce tak. Idan wani na ciki ya aika saƙo waje, mai zaman zaure yakan goge sunansa ya rubuta sunan gidan, ya kuma ajiye a littafinsa cewa saƙo mai lamba kaza na wane ne. Idan amsa ta dawo, sai ya duba littafin ya miƙa wa mai ita. Wannan mai zaman zaure shi ne rauta, akwatin nan mai ƙyaftawa da ke kowane gida a yau. Da wannan dabara na'ura 50 za su iya raba adireshi ɗaya.

Marubutan biyu ba su ɓoye aibin dabarar ba. Sun kira ta maganin ɗan lokaci, sun kuma rubuta cewa tana rushe ma'anar adireshi daga baki zuwa baki. Adireshin cikin gida da aka ware mata ma sai da suka jawo gardama: bayan an ba da shawararsu a Maris ɗin 1994, cikin 'yan watanni wasu injiniyoyi suka wallafa RFC 1627 suna cewa abin cutarwa ne. Ba su yi nasara ba. A Fabrairun 1996 RFC 1918 ta tabbatar da rukuni uku: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Cisco ta riga ta sayi kamfanin da ke ƙera na'urar PIX mai yin wannan aiki a 1995. Da intanet mai sauri ta shiga gidajen Amurka a ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni suna ba kowane gida adireshi ɗaya, sai ƙananan rautoci irin na Linksys suka cika kasuwa, lambar 192.168.1.1 ta zama abin da miliyoyin mutane suka haddace ba tare da sanin daga ina ta fito ba.

Littafin mai zaman zaure yana aiki ne kawai idan na ciki ya fara magana. Baƙon da ya zo da kansa ya yi sallama a ƙofa ta 80 ba shi da layi a littafin, don haka rauta ba ta san wa za ta miƙa shi ba, sai ta yi watsi da shi. Daga nan aka samo abin da ake kira tura ƙofa: mai gida ya rubuta wa rauta doka ta dindindin cewa duk mai sallama a 80 ko 443 a kai shi ga 192.168.1.10, misali. Kuma adireshin da mai gida zai ba baƙo shi ne na wajen gidan. Wanda ya aika wa abokinsa 192.168.1.10 ya ba shi sunan ɗaki ne ba tare da sunan gida ba, ɗakin da kusan kowane gida a duniya yake da irinsa. Dokar ma takan lalace da kanta, domin tsarin DHCP, wanda ya zo a 1993, yana raba adireshin cikin gida ne aro. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutar na iya tashi da 192.168.1.14, dokar kuma ta ci gaba da nuna ɗakin da babu kowa. A ƙasashen da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma maganinsa shi ne a keɓe wa kwamfutar adireshi ɗaya a cikin rauta. Adireshin waje shi ma aro ne daga kamfani, yana iya sauyawa. Wannan ya haifar da hidimomin da ke sabunta sunan shafi duk lokacin da adireshin ya sauya, irin su DynDNS, wanda ya yi shekaru yana yi kyauta kafin ya daina a 2014.

Matsalar da ta fi ruɗa mutane ita ce wadda na waje ke gani, na ciki ba ya gani, kuma tana da daɗin bi daki-daki. A ce wayar mai gida tana 192.168.1.20. Ya rubuta sunan shafinsa, DNS ya ba shi adireshin waje na gidan, wayar ta aika saƙo zuwa rauta. Yanzu rauta na riƙe da saƙo daga ɗan gida da ke yi wa gidansu sallama kamar baƙo. Wasu rautoci ba sa amfani da dokar tura ƙofa sai ga wanda ya zo daga waje, don haka ko dai su yi shiru ko su nuna masa shafin shiga na kansu. Wasu kuma suna yin rabin aikin: su sauya adireshin wanda ake nema zuwa 192.168.1.10, su bar na mai nema yadda yake. Uwar garke ta ga saƙo daga 192.168.1.20, ta ga ai maƙwabcin ɗaki ne, sai ta ba shi amsa kai tsaye ba tare da bi ta zaure ba. Wayar kuwa tana jiran amsa ne daga adireshin waje. Amsa ta zo mata daga wanda ba ta yi wa magana ba, sai ta jefar. Kowane ɓangare ya bi ƙa'ida, magana kuma ta mutu.

Dalilin wannan giɓi shi ne IETF ta yi shekaru tana ƙin tsara wa NAT ƙa'idojin ɗabi'a, domin da yawa daga membobinta suna ganin yin hakan zai halasta abin da suke fatan ya shuɗe. Kowane kamfani ya ƙera nasa yadda ya ga dama. Sai a Janairun 2007, a RFC 4787, sannan a Oktoban 2008, a RFC 5382, aka wajabta wa rautoci su iya mayar da saƙon ɗan gida ta ƙofar da ya fito. Lokacin an riga an sayar da rautoci bila adadin, kuma takardar RFC ba doka ba ce da ke hukunta wanda ya saɓa. Za a iya cewa ƙyamar da injiniyoyin suka nuna ta jawo wa masu amfani wahala fiye da yadda ta rage yaɗuwar NAT, domin bai rage ba ko kaɗan. Gwajin wannan matsala ba ya ɗaukar minti ɗaya: a kashe Wi-Fi a waya, a buɗe shafin da data. Idan ya buɗe, komai lafiya daga waje, saura na ciki. Ɗaya daga cikin magungunansa kuwa tsoho ne ƙwarai: a rubuta sunan shafin da adireshinsa na ciki a fayil ɗin hosts na kwamfutar, fayil ɗin da ya gaji sunansa daga jadawalin HOSTS.TXT da ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar SRI ke raba wa duk ARPANET kafin Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983.

Akwai shingen da bai da alaƙa da ƙarancin adireshi. A Yulin 2001 tsutsar kwamfuta mai suna Code Red ta bazu ta hanyar wani rauni a manhajar IIS ta Microsoft. Ranar 19 ga wata, a ƙidayar cibiyar CAIDA, ta kama kwamfutoci fiye da 359,000 cikin ƙasa da awa 14. Da yawa daga cikinsu na gidaje ne da ƙananan ofisoshi waɗanda masu su ba su ma san manhajar na gudana a kansu ba. Da wata tsutsar ta biyo baya a Agusta, wasu manyan kamfanonin intanet na Amurka suka toshe ƙofa ta 80 ga abokan cinikinsu na gida. Tsutsar ta wuce, toshiyar ta zauna a wurare da dama, domin ta dace da buƙatar kasuwanci: wanda ke son ajiye shafi sai ya sayi layin 'yan kasuwa mai tsada. Illar tana nan har yau. Hanyar da aka fi bi wajen karɓar takardar shaida kyauta daga Let's Encrypt, wadda ta buɗe ga jama'a a ƙarshen 2015, tana buƙatar a iya samun kwamfutar ta ƙofa ta 80, don haka wanda aka toshe wa sai ya koma tabbatar da mallakarsa ta DNS.

Facin 1994 ya sayo lokaci mai yawa, amma daga ƙarshe ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ranar 3 ga Fabrairun 2011, a wani taro a Miami, hukumar IANA ta raba manyan kasonni biyar na ƙarshe, ɗaya ga kowace hukumar yanki. Asiya ce ta fara shiga matsi bayan watanni biyu da 'yan kwanaki, Turai a 2012, Arewacin Amurka a 2015. Adireshi ya zama haja. A 2011 Microsoft ta sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe kan dala miliyan 7.5. A 2017 MIT ta sayar wa Amazon wani ɓangare mai yawa na kason da ta samu kyauta. Tun Fabrairun 2024 kuma Amazon na cajin abokan cinikinta na AWS rabin santi a kowace awa kan kowane adireshin IPv4.

A nan ne labarin ya shafi Afirka kai tsaye. Hukumar AFRINIC, mai mazauni a Morishus, ba ta samu amincewa ba sai a 2005, bayan an gama rabon gado mafi tsoka. Manyan kasonnin da IANA ta miƙa mata kai tsaye huɗu ne, masu farawa da 41 da 197 da 105 da 102, wato adireshi kusan miliyan 67, ban da ragowar da ta gada daga tsohon rabo. Wannan na nahiya ce mai mutum fiye da biliyan ɗaya, kuma bai kai rabin abin da ma'aikatar tsaron Amurka ita kaɗai ke riƙe da shi ba. A Nijeriya, inda layukan GSM suka fara aiki a Agustan 2001, akasarin jama'a sun shiga intanet ne ta waya, ba su taɓa ratsawa ta zamanin da gida ke da adireshinsa na kansa ba. Kamfanonin waya a ko'ina sun ɗauki dabarar zauren nan suka faɗaɗa ta: zaure ɗaya babba a cibiyar kamfani, dubban gidaje a bayansa. Sunan wannan CGNAT, kuma a Afrilun 2012 RFC 6598 ta ware masa adireshin da ke tsakanin 100.64 da 100.127. Hatta Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a 2023, da wannan tsari yake haɗa masu layin gida a IPv4.

Ga mai son ajiye shafi a gida, wannan ne shingen da babu wani saiti a rautarsa da zai cire. Yana iya rubuta dokar tura ƙofa ba kuskure, amma baƙon ba zai taɓa isowa ƙofarsa ba, domin an tsayar da shi a zauren kamfani, wanda mai gidan ba shi da iko da littafinsa. Ganewa ba wuya: a duba adireshin waje da rauta ke nunawa a shafinta, a kwatanta da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. Idan sun bambanta, musamman idan na rautar ya fara da 10 ko yana cikin rukunin 100.64, to akwai wani zaure a gaba. Wani lokaci zauren na biyu a cikin gidan yake, idan an jona rauta a bayan wata rautar, wannan kuwa yana gyaruwa. Idan na kamfani ne, sai dai a nemi adireshin kai da kuɗi inda ake sayarwa, ko a sauya dabara. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki suna sake girka manhaja kafin su yi wannan kwatanci na daƙiƙa 30, alhali shi ya kamata ya zo da wuri.

Dabarar da ta yaɗu a 'yan shekarun nan ita ce rami. Tunda zaure na barin na ciki ya fita, sai uwar garken gida ta fara magana da wata kwamfuta da ke waje mai adireshi na gaske, ta bar hanyar a buɗe, baƙi su riƙa biyowa ta nan. Haka Cloudflare Tunnel da ngrok suke aiki, haka kuma wanda ya yi hayar ƙaramar kwamfuta a cibiyar ajiya ya haɗa ta da gidansa ta WireGuard, manhajar da ta shiga cikin Linux a 2020. Abin yana aiki sosai, har ya fi tura ƙofa aminci ta wasu fuskoki, tunda adireshin gidan ba ya bayyana. Sai dai mutumin da ya ajiye shafi a gida domin kada ya dogara da wani kamfani ya sake komawa hannun kamfani, kuma a wasu tsare-tsaren kamfanin ne ke buɗe kullen saƙon kafin ya miƙa shi ciki.

IPv6 kuwa, maganin da aka ce facin zai jira, an ƙaddamar da shi a hukumance a manyan shafuka ranar 6 ga Yunin 2012, shekara 16 da rabi bayan takardarsa ta farko. A ƙidayar Google, masu zuwa mata ta wannan tsari sun haura kashi 40 cikin 100, Indiya da Faransa da Jamus suna gaba, yawancin ƙasashen Afirka suna can baya. Inda yake aiki, kowace na'ura a gida tana samun adireshi nata da duniya za ta iya kira, babu fassara, babu matsalar ɗan gida mai sallama a ƙofar gidansu. Rautocin gida dai sun riƙe ɗabi'ar da suka koya a zamanin NAT: yawancinsu suna zuwa da katangar da ke hana baƙon da ba a gayyata ba, sai mai gida ya buɗe ƙofar da hannunsa. Kuma shafin da ke kan IPv6 kaɗai ba zai buɗe wa abokin da layinsa bai da IPv6 ba, ko da gidajensu na kallon juna.